Ranar da Surukina Ya Koma Zuga a Dutsen Catoctin

Hyattsville, 5:35 na asuba

Jama'ar gida, ku gyara zama. Mun bar ƙofar gidana ranar Asabar da ƙarfe biyar da minti talatin da biyar, sallame sallar asuba ke da wuya, saboda tafiyar da duka-duka ba ta cika awa biyu ba. Na aika da saƙo cewa wurin da za mu ba a fara komai sai goma na safe. Amsar da ta dawo ta bakin uwargida ita ce, Baba ya ce shi bai taɓa jin tafiyar kirki da rana ta riga matafiyi fitowa ba. Magana ta ƙare.

Baba shi ne mahaifin matata, Hajiya Rabi. Maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri, daga wani ƙauye a ƙasar Rano. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu, muka kawo shi nan Amurka. An yi wa na dama aiki wata guda da ya wuce, ya buɗe tar. Ranar da aka cire bandeji ya dube ni ya ce wa 'yarsa, "Ashe Malam ya yi jiki haka?" Na hagu saura mako uku a yi shi.

Sai ranar Laraba Baba ya ce a nemo masa jirgi. Wai ido ɗaya ya ishe shi, abin da ya rage a duniya bai kai a kalle shi da biyu ba. Damina ta ƙarato, manoma na jiran garma da fartanya, kuma Sale, ƙanin Rabi da ya bar wa maƙera, zai zubar masa da suna. Likita kuwa ya gaya wa Rabi, wadda ita ma nas ce, cewa yanar hagun ta yi kauri, in aka bar ta idon na iya tafiya gaba ɗaya. Kuma wa ya san ko za a sake ba shi biza? Rabi ta yi roƙo, ta yi kuka, ta sa an kira limamin garinsu a waya. Baba ya ce shi dai Talata zai tafi.

Sai ta juyo kaina. "Kai da kake sa mutum ɗari uku dariya a wurin biki, tsoho ɗaya ya gagare ka?"

Gaskiyarta, duk suna ko ɗaurin auren Hausawa daga nan har Baltimore ni ake miƙa wa makirfo. Amma wannan suruki ne. Shekara ashirin da biyu ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo falo sai wayon bakina ya bi ta taga ya gudu, a bar ni da "ranka ya daɗe" da sosa ƙeya. Don haka na nemi makamai biyu. Na farko, wata tsohuwar hanyar masu haƙar tama da narka ƙarfe da ke gindin dutsen Catoctin, ko ganinta zai sa ya ji ƙasar nan ma ta mutane ce. Na biyu, Buzu.

Laurel, 5:58

Mil goma sha huɗu ne zuwa Laurel, titi fayau sai barewa ɗaya da ta tsaya tana kallonmu kamar mu ne baƙi a gidan ubanta. Agali na tsaye bakin gidansu, rawani har hanci, jakar kayan shayi a kafaɗa. Mutumin Agadas ne, abokina, aikinsa tsare kwamfutocin wani kamfani daga ɓarayin intanet. Kun san abin da ke tsakanin Buzaye da maƙera: wasa ne tun kaka da kakanni, kowa ya yaɓa wa kowa abin da ya ga dama, ba fushi, ba kai ƙara. Abin da bakina ba zai iya ba, Agali da lasisinsa aka haife shi. Na riga na yi masa bayani a waya har sau uku, na ce ya bi a hankali.

Ya buɗe ƙofa, ya leƙa gaba, ya ce, "Bon! Wannan shi ne bawan nawa da ya ɓace? Tsoho, ina takobin kakana da aka ba ka gyara?"

Na ji kamar in shige cikin sitiyari. Baba ya juya da idon nan mai kyau, ya auna shi daga rawani zuwa takalmi. Tun ranar Laraba rabon da in ji ya haɗa kalma biyar a jere.

"Malam, a ina ka tsinto wannan? Har nan ma sun iso?" Ya gyara zama. "Kai Buzu, wane aiki kake yi a garin nan?"

"Tsaron kwamfuta nike."

"Gadi dai. Allah sarki. An hau jirgi, an haye teku, an zo an ci gaba da gadi. Ina raƙumin? Ko an cinye shi a hanya?"

Agali ya yi dariyar da sai da motar ta girgiza. Ni kuwa na danne tawa har hawaye ya zubo mini, na ce ƙurar furannin bazara ce.

Titin kuɗi zuwa Frederick, 7:05

Daga Laurel muka hau titi mai lamba 200, muka faɗa 270, muka miƙe arewa. Baba ya ciro fasfo ya riƙe a hannu, da goro biyu a ɗaya hannun. Bayan mil ashirin ya gaji da jira.

"Malam, ina shingen?"

"Ranka ya daɗe, mun wuce uku. A sama suke. Kyamara ce take ɗaukar lambar mota, a cire kuɗin."

"To wa ake gaisarwa?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

Ya mayar da goronsa aljihu. "Gara namu. Ko ba komai za su tambaye ka iyali."

A Frederick muka tsaya gidan mai. Galan dala uku da 'yan kai, kofi dala biyu. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ce an ƙona wake an zuba masa ruwa, a ba shi kunun gyaɗar da Rabi ta cika fulas da shi. Su biyu suka buɗe kwanon ƙosai a cikin mota. Ni, da yake ba na cin abinci a gaban suruki, na zagaya bayan injin hura taya, na haɗiye ƙosai bakwai a tsaye ina waige-waige. Wata Baturiya ta dube ni, ta ƙara riƙe jakarta.

Ina dawowa na tarar Agali ya fara aiki.

"Tsoho, an ce tsoron lokotoro kake, shi ya sa za ka gudu."

"Ni? Wanda ya shekara sittin yana kama ƙarfen da ya yi ja a wuta zai ji tsoron yaro mai farar riga?"

"To mi ya hana ka tsayawa?"

"Aiki. Abin da ba ku sani ba a gidanku. Talata zan tafi."

Agali ya dube ni ta madubi ya ɗaga kafaɗa. Harsashi na farko ya tafi a banza.

Ƙauyen tanderu, 7:40

Mil goma sha biyu daga Frederick a kan titi mai lamba 15, kafin a shiga garin Thurmont, muka sauka dama. Ƙauye ne mai layi ɗaya, gidajen dutse da na gungumen itace, dutsen Catoctin a bayansa kore shar. Ba kowa. Mun riga ma'aikata, mun riga baƙi, ina jin har tsuntsayen ma mu muka tashe su.

Tanderun narka ƙarfen na nan a tsaye bakin hanya, ginin dutse mai tsayin bene hawa uku. Da ni kaɗai ne da na ce shida, amma Agali na karanta abin da nake rubutawa. A gindinsa akwai baki kamar ƙofar soro, da rumfar katako a gaba. Baba bai jira kowa ba. Ya tafi kai tsaye, ya shafa duwatsun, ya cusa kai cikin bakin ya leƙa sama, ya shaƙi iska. Ya daɗe a haka. Da ya fito sai ya fara magana, ba da ni ba, ba da Agali ba, kamar da ginin.

Ya ce yana yaro ya ga narkar tama ta ƙarshe da kakansa ya yi. Tanderun yumɓu ne, iyakarsa ƙirjin mutum. A haƙo tama a gindin dutse, a fasa, a jera ta da gawayin ƙirya hawa-hawa, a kwana ana zuga. Bayan nan sai ƙarafan jirgin ƙasa da na mota suka cika kasuwa, aka daina zuwa dutse. "Ni sifirin mota na gada," in ji shi. "Sale kuwa ko tamar bai taɓa riƙewa ba."

Ƙarfe takwas da minti goma wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya, wata mata ta fito tana sauke buhunan kwal. Baƙar fata ce irinmu, za ta yi sittin da biyar, kai fari fat, damatsa kuwa ko ni ba zan so mu yi musu ba. Sunanta Linda. Da direbar motar 'yan makaranta ce, ta yi ritaya, yanzu duk Asabar takan zo ta hura ƙaramar maƙera don baƙi, ba biya. Ta ga maza uku da manyan riguna sun zagaye tanderu tun da sassafe, ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, maƙeri na kawo daga Najeriya. Ta ce tunda akwai lokaci, bari ta raka mu hanyar da kanta.

Nan na zama tafinta. Ta ce sama da shekara ɗari biyu da suka wuce aka fara aikin ƙarfe a nan. Ana haƙo tama a ramuka kusa, a sare dajin dutsen a yi gawayi, a haɗa da farin dutse a zuba ta sama. Ruwan rafi ne ke juya wata ƙatuwar ƙafar katako, ita ke danna zuga-zugi dare da rana. Ƙarfen ya fito ta ƙasa kamar kunu, a zuba a rairayi, a yi murhu da tukwane da harsashin igwa.

Na fassara duka daidai, sannan na ɗan ƙara gishiri. "Ta kuma ce, ranka ya daɗe, duk maƙeran nan sai da ido biyu ake ɗaukarsu aiki."

"Ƙarya shike, tsoho," in ji Agali. "Ba ta ce komi ba bisa ido."

Da na san haka Buzu yake, da a Laurel na bar shi.

Kan hanyar tama, 8:35

Hanyar ba ta wuce rabin mil ba, amma mun yi awa guda a kanta. Ta bi ta gefen kangon gidan mai tanderun, ta shiga daji, ta hau gadar ƙafa ta saman babban titi, motoci na wucewa fuu a ƙarƙashinmu. Duk taku goma Baba sai ya tsuguna. Ya nuna ƙasa mai ja-ja ya ce nan akwai tama, Linda ta ce haka ne. Ya tsinci wani abu kore mai ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, ya jinjina a tafin hannu.

"Kashin maƙera," ya ce. "Ji rashin nauyi. Ba su bar ƙarfe a ciki ba. Waɗannan wutarsu ta kai."

Zai jefa a aljihu, Linda ta ce doka ba ta yarda a ɗauki komai ba. Ya mayar daidai ramin da ya ciro shi, ya ce gaskiyarta, shi ma ba a fita da ko ƙusa daga maƙerarsa. A matakalar gadar na lura ya kai hannu zai kama ƙarfen dafawa ya kama iska, sai a karo na biyu ya same shi. Na kawar da kai. Wa ya isa ya tanka?

Can gaba Linda ta tsaya, ta nuna wani fili a cikin itatuwa. Duwatsu ne a kakkafe, ba rubutu a jikinsu. Ta ce maƙabarta ce. Mutanen da suka haƙi tamar, suka sari dajin, suka ciyar da tanderun, da yawansu bayi ne da aka kwaso daga Afirka, da 'ya'yansu da jikokinsu. Akwai masu ganin cewa wasu cikinsu da sanin ƙarfe suka zo tun daga gida. Wannan karon ban ƙara ko wasali ba.

Baba ya cire takalmi. Ya yi musu sallama kamar yadda ake yi wa mutanen kabari, ya tsuguna ya ɗaga hannu, mu ma muka tsuguna. Linda ta sunkuyar da kai har muka shafa.

"Tambaye ta sunayensu."

Ta ce an sami wasu sunaye a takardun iyayen gidansu, amma ba a san wane dutse ne na wa ba.

"Akwai wanda ya koma gida a cikinsu?"

Ta girgiza kai. Wannan bai buƙaci tafinta ba.

Baba ya miƙe yana karkaɗe riga. "Ka ji ko, Malam? Shi ya sa mutum ya koma da ƙafarsa tun yana iyawa."

Jama'a, ku duba fa. Na tuƙo mil sittin da wani abu, na sayi mai, na ci ƙosai a bayan injin taya, don kawai in ƙara wa tsohon nan hujjar tafiya. Na fara shirya abin da zan gaya wa Rabi, na ga babu tsarin da zai fisshe ni. Agali kuwa tun daga wurin nan bai sake cewa "bawana" ba. Har muka rabu "tsoho" kawai yake cewa.

Maƙerar Linda, 10:00

Ƙaramar rumfa ce a cikin ƙauyen, da uwar maƙera a kan kututture, da zuga-zugin fata babba kamar saniya a kwance, ana ja da sanda daga sama. Baƙi kamar goma sha biyu sun taru. Da Baba ya ga Linda ta ɗaura fata a ƙirji ta ɗauki masaba, sai ya kama haɓa.

"Malam, ita ce za ta yi ƙirar? Ina mijin?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. To mu gani."

Maratayin riga take ƙerawa da 'yar sandar ƙarfe. Ta sa a wuta, ta ja zuga. Baba na bayan igiyar da ta raba baƙi da maƙerar, yana motsi kamar mai jin fitsari. Ta kai awartaki za ta cire, ya ce, "A'a! Saura." Ta tsaya ta dube shi. Ya ƙura wa wutar ido, can ya daka tsawa, "Yanzu!" Ta cire, ta buga, ƙarfen ya bi masaba kamar tuwo mai zafi. Sau uku ana haka, ba Hausa a bakinta, ba Turanci a nasa, ni tafinta na zama ɗan kallo.

Sai ta zo ta kama hannunsa ta juya, ta ga tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ta ɗaga igiya. Ta ɗaura masa fata, ta sa masa gilashin kare ido, ta miƙa masa masaba. Na tuna Rabi, na tuna idon da aka gyara, na karanta duk addu'ar da na sani.

Bugun farko da na biyu da na goma, jama'a, kiɗa ne. Tsohon da ke jan ƙafa a falona ya miƙe, kafaɗa ta buɗe. Turawa suka ɗaga wayoyi. Ƙarfen ya yi ta miƙewa yana sirancewa har bakinsa ya koma kamar tsinken tsire. Saura a fiƙe bakin a lanƙwasa.

Ya ɗaga masaba, ya sauke. Ƙarrr! Ta sauka a kan uwar maƙera tsirara, yatsa biyu daga ƙarfen. Ya gyara tsayuwa, ya karkata kai, ya sake. Ƙarrr! Ya mayar da ƙarfen wuta, ya dawo da shi, ya auna a hankali har sau biyu. Na uku ma haka.

Turawan ba su gane komai ba, har wasu suka tafa. Baba ya ajiye masaba, ya juya ƙotarta wajen Linda. Ya zagaya baya, ya kama sandar zuga-zugi, ya fara ja.

Na matsa na rage tsawo. "Ranka ya daɗe, a zo a huta."

"Dokar gidanmu ce," ya ce, bai dube ni ba. "Wanda ya bugi uwar maƙera tsirara sau uku a ƙarfe ɗaya, zuga zai koma. Haka ubana ya yi mini. Haka na yi wa Sale, da gemunsa da 'ya'yansa biyu, a gaban masu sayen lauje. Ba a kaina za a karya ta ba."

Na gaya wa Linda. Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta dubi fuskarsa, ta ɗauki masabarta ta ci gaba. Minti arba'in surukina, mai shekara saba'in da huɗu, yana ja wa direbar motar makaranta zuga. Ta ce tun da take ba ta taɓa samun wuta mai daɗin ta ranar ba.

Na damƙi hannun Agali na matse, wato ya yi wa Allah ya yi shiru. Ya fizge.

"A buga waya Agadas a shaida musu!" ya ce da ƙarfi. "Yau na ga maƙeri ya auna ƙarfe ya bugi Amurka! Tsoho, garmar bana da wane idon za a yi ta? Ka aika ma Sale ya ɓoye yatsunsa kahin Talata."

Na jira amsa. Duk wanda ya san wasan nan ya san ba a barin Buzu da maganar ƙarshe. Baba ya ci gaba da jan sanda, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Murmushin Agali ya gudu cikin rawani. Ya raɗa mini, "Walla, ina jin na wuce wuri."

Bakin rafi, 12:30

Akwai tebura a inuwa kusa da rafi, da murhunan gasa nama na kowa da kowa. Agali ya hura gawayi ya ɗora 'yar butarsa. Rabi ta haɗo mu da dambun nama da gurasa. Baba ya gutsura kaɗan ya ture. Muka yi azahar a kan ciyawa. Bayan sallah ya zauna nesa da mu, ina satar kallonsa. Ya rufe idon dama da tafi, ya buɗe, ya rufe na hagu. Ya ajiye kofin shayi a gabansa, ya miƙa yatsa a hankali zai taɓa bakinsa, yatsan ya wuce ta gefe. Ya yi haka ya fi sau goma.

Rabi ta turo saƙo: yaya? Na rubuta mata cewa iska na da daɗi.

Biyu da kwata muka kama hanya. Daga Thurmont har Frederick, daga Frederick har titin kuɗi, ba wanda ya yi tari. Mota ɗauke da Buzu da maƙeri da ni, amma ka rantse gawa muka ɗauko.

Laurel, 3:40

Na tsaya ƙofar gidan Agali. Ya sauka ya zagayo tagar Baba, ya sauke rawani daga bakinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a waje ba.

"Tsoho, in na yi maka ba daidai ba…"

"Rufe mini baki. Buzu da ban haƙuri, ai sai a yi fari." Baba ya ɗaga yatsu biyar. "Asabar ta biyar daga yau, ka tsaya a nan wurin da asuba. Ka bar butar nan a gida. Kai za ka ja mini zuga, a gaban matar nan, da Turawan da suka tafa. Za ka ja har rawanin ya jiƙe."

Na yi lissafi da yatsu a ƙarƙashin sitiyari. Aikin ido mako uku. Hutun da likita ke bayarwa, mako biyu. Na sake ƙirgawa don kada in yi wa kaina ƙarya. Biyar!

Agali ya mayar da rawani, amma idanunsa sun tona shi. "Sai dai in lokotoro ya sa maka idon mujiya."

"Ko na kifi ya sa, ya fi naka. Malam, ja mu tafi, warin raƙumi ya ishe ni."

Jama'a, ina so in yi ihu, ina so in danna ham tun daga Laurel har gida, ina so in fita in yi rawa a tsakiyar titi 'yan sanda su zo su kama ni in rungume su. Abin da na iya kawai shi ne, "To, ranka ya daɗe." Na ba da sigina, na hau titi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Hyattsville, 4:15

Rabi na tsaye a ƙofa, tana bin fuskokinmu da kallo. Baba ya cire takalmi, ya wuce ta, har ya kai tsakiyar falo sannan ya juyo.

"Ke, likitan nan naki. Ki tambaye shi ko zai iya matso da ranar. Na baro wa wata baiwar Allah aikin da ban ƙarasa ba."

Ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafi. Ni na koma mota wai zan ɗauko fulas, na rufe gilashi, na yi ihun da na riƙe tun daga Laurel.

Mil ɗari da talatin da 'yan kai muka yi, zuwa da dawowa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Linda da ta ɗaga igiya, ta kuma san lokacin da ba a musu da tsoho. Ina gode wa Agali, duk da ya tona mini asiri a gaban suruki. Waɗanda ke kwance a ƙarƙashin duwatsun nan marasa rubutu, Allah ya san sunan kowannensu, ya ji ƙansu.

Likita bai matso da ranar ba, amma jiya da safe aka yi aikin, an ce ya yi kyau. Yanzu haka da nake rubutun nan Baba na ɗaki da bandeji a ido, ya karɓe ƙwallon robar autarmu yana ta matsawa a tafin hannu, wai kada hannun ya yi sanyi kafin ranar. Alhamdu lillahi.